Ina Son Sayen Ƙaramar Bindiga Ni Da Maiɗakina: Me Doka Ta Ce?

Wani ɗan kasuwa mazaunin Gusau ya aiko da tambaya cewa yana yawan bin hanyar Ƙauran Namoda domin harkokinsa, kuma yakan bar maiɗakinsa da yara a gida a bakin gari, saboda haka yana so a ba shi shawara kan irin ƙaramar bindigar da ta dace da wanda bai taɓa harbi ba, wadda shi da maiɗakin za su iya riƙewa. Ya ƙara da cewa ya ji gwamnati ta riga ta ba mutanen Zamfara izinin mallakar makami.

Alhaji, Allah ya tsare ka da iyalinka. Kafin a kai ga zaɓe tsakanin fistol da libarba, wato nau'o'i biyu na ƙaramar bindigar hannu, wajibi ne ka san cewa dukansu biyu suna cikin makaman da Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita a faɗin Najeriya, ta kira haramtattu. Jadawalin dokar ya kasa bindigogi gida uku, kuma ya sanya ƙananan bindigogin hannu a rukuni na farko tare da bama-bamai, gurneti, bindigogi masu sarrafa kansu da bindigogin soja. Sashe na 3 ya ce babu mai riƙe makamin wannan rukuni sai da lasisin da Shugaban Ƙasa ya bayar bisa ganin damarsa. A aikace, wannan ƙofa ce da ɗan kasuwa irinka zai yi wuya ya ga an buɗe masa, kuma duk wanda ya ce zai samo maka takardar fistol daga wani ofishi a Gusau, takardar bogi zai kawo maka.

Hukuncin ma ba ƙarami ba ne. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga ba tare da lasisi ba yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, kuma kotu ba ta buƙatar a tabbatar da cewa ya taɓa harba ta ko ya yi niyyar cutar da wani, domin samunta a hannunsa ko a ƙarƙashin ikonsa shi ne laifin. Harsashi ma haka yake: ajiye shi ba tare da izini ba laifi ne mai zaman kansa.

Batun izinin da ka ji kuwa yana da asali. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle, gwamnan Zamfara na lokacin, ta yi kira ga jama'ar jihar da su nemi bindigogi domin kare kansu daga 'yan bindiga, har ta ce za ta raba takardun nema ta hannun masarautu. Sai dai kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya makamai da harsasai cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da ikon yin doka a kansu, kuma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Sanarwar gwamna ba ta soke dokar tarayya, saboda haka ba hujja ba ce da lauyanka zai iya kare ka da ita a gaban alƙali.

Abin da ya rage maka shi ne rukuni na biyu da na uku. Na biyu ya ƙunshi bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu wadda ake ɗura wa harsashi da hannu, kuma Sufeto-Janar na 'Yan Sanda ne ke ba da lasisinta. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami, domin suna zaton bindigar nan da ake kira fam-akshin tana cikin wannan rukuni, alhali dokar ta cire duk bindigar farautar da ke da na'urar sake ɗura harsashi, wanda hakan ya mayar da ita cikin haramtattu. Rukuni na uku shi ne bindigar toka irin ta mafarauta, wadda lamarinta yake hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Ko a waɗannan rukunai, lasisi ba haƙƙi ba ne da za ka tilasta a ba ka, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. A shekarar 2023 Sufeto-Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabbin lasisi, don haka matakinka na farko shi ne ka rubuta wa hedikwatar 'yan sanda ta Gusau kana neman a bayyana maka matsayin da ake ciki a rubuce, kada ka biya kowa ko kwabo kafin amsa ta fito.

Maganar maiɗakinka ita ce ta fi buƙatar ka natsu. Lasisi na mutum ɗaya ne, da sunansa da lambar bindiga guda, kuma aure ba ya sa ya game mata da miji. Idan ka tafi kasuwa ka bar mata bindigar da mabuɗin akwatinta, to a idon doka makami yana ƙarƙashin ikon wadda ba ta da izini, kai kuma ana iya tuhumarka da miƙa shi ga wanda bai cancanta ba. Dokar ba ta bambanta namiji da mace ba, saboda haka idan ana bayarwa, tana iya neman nata da sunanta, a tantance ta kamar yadda za a tantance ka. Ni dai a ganina, gidan da ke da ƙananan yara kuma babu wanda ya taɓa koyon harbi a cikinsa ya kamata ya daɗe yana auna wannan shawara, domin doka ta ɗora wa mai lasisi alhakin adana makamin, kuma idan ya ɓace ko aka sace shi dole ne ya sanar da hukumar da ta ba shi lasisin cikin kwana 14 da sanin hakan.

Haƙƙinka na kare kai yana nan daram. Sashe na 33 na kundin tsarin mulki da dokokin laifuka da ake aiki da su a Arewa sun amince mutum ya kare ransa, iyalinsa da dukiyarsa da ƙarfin da ya yi daidai da barazanar da ke gabansa. Amma wannan kariya ta shafi abin da ka aikata a lokacin harin ne kawai, ba ta wanke asalin makamin ba, ta yadda kotu tana iya sallamar mutum daga tuhumar kisa sannan ta ɗaure shi saboda bindigar da ya yi amfani da ita. Idan kuma ka riga ka karɓi wata daga hannun maƙeri ko dillalin ɓoye, kada ka ɗauke ta a mota ka nufi ofishin 'yan sanda da kanka, domin ana iya tsare ka da ita a shingen bincike kafin ka isa. Ka fara ganin lauya, shi zai rubuta wa Kwamishina, a tsara yadda za a karɓe ta a kuma ba ka shaidar miƙawa a rubuce.