Mece ce Ma'anar 7200 RPM da Ake Rubutawa a Jikin Had Disk?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran kwamfuta ne a Zariya, nakan ga an rubuta 5400 RPM ko 7200 RPM a jikin had disk. Mece ce ma'anar wannan adadi, kuma yaya zan lissafa gudun faifan da ke ciki da mita ko kilomita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Adadin yana nuna yawan zagayen da faifan yake yi a minti ɗaya. Kafin ka fara kowane lissafi sai ka mayar da mintin zuwa daƙiƙa, domin a nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe. Idan ka raba 7200 da 60, za ka ga faifan yana zagayawa sau 120 a kowace daƙiƙa. Zagaye ɗaya cikakke daidai yake da radiyan 6.28 (radiyan ma'aunin kusurwa ne da ake amfani da shi a lissafin juyawa), saboda haka saurin juyawarsa ya kai radiyan 754 a daƙiƙa, kuma haka yake a kowane sashe na faifan, tsakiya da baki.

Gudun tafiya kuwa ya danganta da nisan wurin daga tsakiya. Faifan had disk na kwamfutar tebur yana da faɗin kusan milimita 95, wato daga tsakiya zuwa baki milimita 47.5 ke nan, ko mita 0.0475. Idan ka ninka wannan da 754, za ka samu kusan mita 36 a daƙiƙa, sannan idan ka sake ninkawa da 3.6 domin mayar da shi kilomita a awa, bakin faifan yana gudun kusan kilomita 129 a awa. Faifan laftof mai faɗin milimita 65 da ke juyawa a 5400 bakinsa yana gudun kusan kilomita 66 ne kawai a awa.

Wannan lissafi yana da amfani a aikinka, domin shi ne yake bayyana dalilin da ya sa karatun bayanai yake fin sauri a layukan waje na faifai fiye da na ciki. Haka kuma matsakaicin jiran da allurar karatu take yi kafin bayanin ya zagayo ƙarƙashinta rabin zagaye ne, wato kusan milidaƙiƙa 4.2 a faifai mai 7200 da 5.6 a mai 5400. A ganina wannan bambanci bai isa a kashe kuɗi dominsa ba; idan mai kwamfuta yana kukan nauyinta, ka ba shi shawarar ya sanya SSD, wato wani nau'in ma'ajiyar bayanai wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa.