Tambaya da Amsa: Yatsun Mai Gyaran Farce da Ruwan Akirilik

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Ni matar aure ce, ina sana'ar gyaran farce a wani shagon kwalliyar mata, inda muke saka farcen akirilik da na jel, mu kuma yi wa amare ado. Na daɗe ina wannan aiki lafiya lau, amma tun bara kan yatsuna suka fara ƙaiƙayi suna fitar da ƙananan ƙuraje masu ruwa, daga baya fatar ta bushe ta tsattsage har tana jini, ga fatar idona da ke kumbura wani lokaci. Da na tafi wankan gida bayan na haihu hannun ya warke sarai, ina komawa shago ciwon ya dawo. An ce mini sanyi ne, wasu sun ce hunturu ne, wata ma ta ce in tashi tsaye don ba a rasa hannun mutum a ciki. Na shafa man nan mai haɗi uku da ake saya a kemis, yakan lafa ya sake tashi. Da wannan sana'a nake rufa wa kaina asiri, nake kuma taimakon iyayena. Mene ne ke damuna, kuma dole ne in bar aikin, ko in koma ƙunshi?

Wata mai karatu daga Kaduna

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah Ya raya abin da aka samu, Ya kuma ba ki lafiya. Tabbatar da ciwon fata sai likita ya duba da idonsa, amma bayanin da kika yi ya yi daidai da borin da fata ke yi wa sinadaran farcen akirilik da na jel, kuma babbar shaidar tana cikin wasiƙarki, domin hannun ya warke da kika yi nisa da teburin aiki, ya kuma tashi da kika koma. Sanyi da hunturu ba su san ranar da kika koma shago ba, balle a kai ga zargin wani mutum.

Ruwan da kike tsoma buroshi a ciki kafin ki ɗebo hoda, da jel ɗin da kike shafawa kafin a saka hannu a fitilar busar da farce, duk sun ƙunshi wasu sinadarai da ake kira akirilet, kuma wanda ya fi ƙaurin suna a cikinsu shi ne HEMA. Muddin suna ɗanye, ƙwayoyinsu ƙanana ne ƙwarai, suna ratsa fata cikin sauƙi. Idan kuwa suka daskare sosai, sai su sarƙe da juna su zama roba mai tauri wadda ba ta cika damun kowa ba. Kamar siminti ne, ɗanyen kwaɓi ke cin hannun birkila, ba busasshen bulo ba. Duk lokacin da ɗanyen sinadarin ya taɓa fata, garkuwar jiki tana haɗuwa da shi, har wata rana ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba, kuma hakan yakan ɗauki watanni ko shekaru, shi ya sa kika daɗe kina aiki ba ki ga komai ba. Daga wannan rana ɗigo kaɗan ya isa ya tayar da ciwon. Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne borin ba ya fitowa nan take, sai bayan kwana 1 zuwa 3, ta yadda aikin amaryar da kika yi ranar Alhamis zai iya bayyana a yatsunki ranar Asabar, lokacin da hankalinki ya riga ya koma kan sabulun wanki ko abincin da kika ci.

Ki duba hannunki da kyau, ina kyautata zaton babban yatsa da manuni da na tsakiya ne suka fi shan wahala, domin su ne ke riƙe yatsan kwastoma, su ne kuma ke riƙe kayan aiki. Ki tuna yadda jel kan zarce gefen farce sai ki sa farcen babban yatsanki ki share shi da sauri, da yadda akan matse bakin buroshi da yatsu don a daidaita shi, da audugar da kike riƙewa kina goge danƙon da ke saura a saman farce bayan an fito da hannu daga fitila. Wannan danƙon ɗanyen jel ne da iska ta hana shi daskarewa, kuma yana jiƙa audugar ya isa fatarki. Haka wuyan kwalba da murfinta, da tawul ɗin da kike goge buroshi a kai sannan ki ɗora hannu. Kumburin fatar ido kuwa yakan zo ne ta hanya biyu, ko dai ki sosa ido da yatsan da ya taɓa sinadarin, ko kuma ƙurar da ke tashi lokacin goge farce ta sauka a fuskarki, kuma fatar ido ta fi ta ko'ina a jiki rashin kauri.

Ba ke kaɗai ba ce. A shekarar 2018 Ƙungiyar Likitocin Fata ta Birtaniya ta fitar da gargaɗi a kan wannan matsala, bayan nazarin da aka yi a 2017 a sassan kula da fata 13 na Birtaniya da Ayilan ya nuna cewa cikin mutum 4,931 da aka gwada, kashi 2.4 cikin 100 suna da borin aƙalla nau'i ɗaya na waɗannan sinadarai. Kusan dukkansu mata ne, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku a wurin aiki suka samo shi, galibinsu masu irin sana'arki. Ƙungiyar ta sake maimaita gargaɗin a 2023. Tarayyar Turai kuwa tun 2021 ta taƙaita sayar da kayan farce masu HEMA ga ƙwararru kawai, tare da tilasta rubuta gargaɗi a jikin kwalba. Dokar ta kāre masu saye su yi a gida, amma a ganina ta bar nauyin a wuyan ma'aikaciya, wadda ita ce ke wuni da kwalbar a buɗe.

Maganar da ba ta da daɗi ita ce, idan garkuwar jiki ta riga ta shaida wannan sinadari, ba ta mantawa. Fatar za ta warke idan aka daina taɓa shi, amma borin yana nan, kuma babu allura ko ƙwaya ko jiƙo da ke cire shi. Dalilin da ya sa nake so ki ɗauki abin da muhimmanci ya wuce yatsu, domin dangin akirilet suna cikin farin cikon haƙori da haƙoran roba, suna cikin simintin ƙashi da ake amfani da shi wajen canza gaɓar ƙugu ko gwiwa, suna kuma cikin gam ɗin wasu na'urorin auna sukari da masu ciwon suga ke maƙalawa a jiki. Wannan ba ya nufin ba za a iya yi miki aiki ba idan buƙata ta taso, sai dai wajibi ne likitan haƙori ko likitan ƙashi ya san da borin tun kafin ya fara, don ya zaɓi abin da zai yi amfani da shi.

Ki ajiye man kemis ɗin. Irin waɗannan mayuka sukan haɗa sitiroid mai ƙarfi da maganin makero da maganin ƙwayoyin cuta, kuma sitiroid ɗin ne ke kwantar da ƙaiƙayin na ɗan lokaci alhali kina ci gaba da taɓa abin da ke haddasa shi. Yawan shafa shi yana sirantar da fata, a kusa da ido kuma yana iya jawo hawan jinin ido ko yana. Ƙwayoyin borin jini irin su Piriton ba sa maganin wannan nau'in, iyakarsu su sa ki barci. Ki je sashen fata na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko na Aminu Kano, ki tafi da kwalaben da kike aiki da su, ki gaya wa likita kina shayarwa, ki kuma nemi a yi miki gwajin faci ko a tura ki inda ake yi. A wannan gwaji ana manna ƙananan faci masu ɗauke da sinadarai daban-daban a gadon baya na tsawon awa 48, a cire a duba, sannan a sake dubawa bayan kwana 1 ko 2. Ki ambaci akirilet da bakinki, domin ba kowane jerin gwaji ne ke ɗauke da su ba. Kada ki gwada da kanki ta hanyar shafa ɗanyen ruwan a fata, domin hakan na iya ƙona ki, ya kuma haifar miki da sabon bori. Kafin ki samu ganin likita, ki yawaita shafa man kaɗanya ko basilin, ki rage tsoma hannu a ruwa da omo.

Game da barin aiki, shawarata ita ce ki dakatar da akirilik da jel har sai fatar ta warke gaba ɗaya, domin tsagaggiyar fata ƙofa ce a buɗe, ko da safar hannu. Akwai masu komawa su ci gaba bayan sun canza yadda suke aiki, akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya yarda komai kiyayewarsu, kuma gwajin da hannunki ne za su nuna inda kika faɗa. Idan kuwa kin fara tari, ko ƙirjinki na riƙewa a shago ya sake ki a gida, to ki sanar da likita da gaggawa, domin waɗannan sinadarai suna iya haddasa asma, kuma a nan ba zan ba ki shawarar ci gaba ba. Yankan farce da gyaran ƙafa da dilka da halawa da kitso duk sana'o'i ne na shago ɗaya da ba su buƙatar wannan ruwa. Ƙunshi ma hanya ce, in dai jan lalle ne, wanda da wuya ya tayar da bori. Baƙin da ake haɗawa da rinin gashi kuwa yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda shi ma gawurtacce ne wajen tayar da borin fata mai ɗorewa, don haka kada ki zana shi da hannu tsirara.

TAMBAYA: Likita, ina da shagon gyaran farce, kuma akwai yara mata da ke koyon aiki a hannuna. Ɗaya daga cikinsu ta fara kukan yatsu. Mai kawo mana kaya ya ce in koma sayen jel ɗin da aka rubuta babu HEMA a jikinsa, wai shi ke nan an rabu da matsalar. Gaskiya ne? Kuma safar hannu ta asibiti da muke sakawa ta wadatar?

Wata mai shago daga Abuja

AMSA: Hajiya, mai kawo kayan ya faɗi rabin gaskiya. Cire HEMA yana rage haɗari ga wadda ba ta kamu ba tukuna, amma jel ba ya daskarewa sai da wani akirilet, saboda haka abin da masana'anta ke yi shi ne su maye gurbinsa da ɗan'uwansa, kamar HPMA ko IBOA, kuma jikin da ya ƙi ɗaya sau da yawa yakan ƙi sauran. IBOA ɗin ma shi ne ƙungiyar masana borin fata ta Amurka ta ayyana a matsayin sinadarin bori na shekarar 2020, saboda yadda ya addabi masu maƙala na'urar auna sukari. Yarinyar da ta fara kuka ki ɗauke ta daga teburin jel da akirilik, ki kai ta ga likitan fata, kada ki dogara da rubutun kwalba.

Safar hannu kuwa iri-iri ce. Ta lateks, wato farar nan mai talewa da aka saba gani a asibiti, da ta leda, akirilet yana ratsa su cikin 'yan mintoci, sannan ya zauna tsakanin roba da fata mai gumi, wanda ya fi rashin safar muni, domin mai aiki tana ganin ta tsira. Ta naitiril mai kauri ce ta fi jinkirta shi, ita ma jinkirtawa take yi, ba hanawa ba, kuma asiton, wato ruwan cire farce, yana saurin raunana ta. Saboda haka a canza ta bayan kowace kwastoma, a kuma cire ta nan take idan ruwan ya ɗiga a kai, ba a wanke ta a sake sakawa. Na san kuɗi ne, amma ya kamata ya shiga cikin farashin aiki kamar yadda kuɗin jel ke shiga. Wadda gumi ke damu za ta iya saka siririyar safar auduga daga ciki.

Abin da ya fi safar muhimmanci shi ne tarbiyyar hannu tun ranar farko. A share jel da tsinken katako maimakon farce, a riƙe auduga da hantsaki, a jefa wadda aka yi amfani da ita cikin kwandon shara mai murfi, a shimfiɗa takarda a tebur a canza ta maimakon tawul ɗaya na wuni guda, a goge jikin kwalba da hannun buroshi, a buɗe taga, a saka takunkumi lokacin goge farce. Ki kuma kula da fitila, domin kowane jel akwai irin hasken da tsawon lokacin da aka tsara masa, kuma idan fitilar ba tasa ba ce, ko ta tsufa, ko cajinta ya yi ƙasa, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar busarwa, saman farcen zai yi tauri alhali ƙasansa ɗanye ne. Wannan ɗanyen yana zaune a kan farcen kwastoma har makonni, ranar da ta dawo cirewa kuma ƙurarsa a hannun yaranki za ta sauka. In wuta ta katse, a sake busarwa daga farko, a kuma riƙa shafa jel siriri-siriri maimakon a lafta shi lokaci guda.

Ki guji ruwan akirilik mai arha da ake ɗurawa a kwalba marar rubutu. Wani lokaci MMA ne, wani nau'in akirilet wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta kai masu sayar da zallarsa kotu tun farkon shekarun 1970 saboda lahanin da ya yi wa farce da yatsun mutane. Alamarsa wari mai hawa kai fiye da yadda aka saba, da farce mai taurin gaske da ke ƙin narkewa a asiton. Kwalbar da ba a jera sinadaran cikinta ba, ko likitan fata kika kai wa ba zai san abin da zai gwada yarinyar da shi ba.