Tambaya da Amsa: Mun kira mutane hawan keke don ciwon suga, kowa sai "Allah ya ba da sa'a"

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, da fatan kana lahiya kai da iyali. Ni matashi ne daga unguwar Zariya nan Maradi, ina saida kayan waya a kasuwa. Babanmu ya rasu bara bayan an yanke mishi ƙafa, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne sai da gyambon ya yi wata huɗu bai warke ba sannan anka gano suga ne, da can ana ta cewa jifa ne. To ni da abokaina na fada mun yanke shawara mu shirya tseren keke daga Maradi zuwa Madarunfa mu tara kuɗi a yi ma mutane gwaji kyauta. Mun buɗe gurup a WhatsApp mun zuba mutum ya fi 80, mun yi hoto mai kyau mun watsa a Facebook, amma wallahi Kawu har yau mutum 9 kaɗai sunka ce za su hau, sauran sai "Allah ya ba da sa'a" da hoton babban yatsa. Wasu ma dariya suke mana wai wa zai bar babur ya hau keke cikin rana. Ƙaƙa za mu yi mu samu mahaya, kuma ƙaƙa za mu tara kuɗin ba a ce mun ci ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, ku kuma ya ba ku ladan wanga niyya.

Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba, gurup ɗin nan naku ba shi zai kawo muku mahaya ba. Mutum 80 a gurup kowa gani yake da sauran 79 ake magana, shi ya sa yatsa ya ishe shi. Ai ka san yadda muke a garin nan, ko ɗaurin aure ne in a rediyo kaɗai ka ji sanarwa sai ka yi addu'a daga inda kake zaune, amma in ango ya tako har ƙofar gidanka ya miƙo maka goro ya ce wane ina son ganinka, to ko kana da zazzaɓi sai ka je. Mutum 9 da kake rainawa su ne jarinka. Ka tara su gobe in an ɗora shayi, ka ce kowa ya kawo sunan mutum huɗu da zai iya zuwa ya same su ido da ido, kuma ya fara da wanda ya san akwai mai ciwon a gidansu, ba za a sha wuyar samu ba. 9 sau huɗu 36, ga ku tara, kun zama 45 ke nan ba ku sayi data ko ta dala ba. Kuma in an je kada a tsaya dogon bayani na ƙungiya kaza da manufa kaza, a ce mishi kawai ran Lahadi kaza bayan asuba za mu taka keke saboda Baban wane, ina so ka taka tare da ni, in ba ka da keke ni zan aro maka. Wannan ta ƙarshen ita ke kashe uzuri, don rabin masu cewa ba su da lokaci keken ne babu, kunyar faɗi suke.

Kekuna kuwa suna nan jibge a zauruka, taya ta sace, ƙura ta rufe sirdi tun ranar da mai gida ya sayi babur. Ka je wurin masu faci, su ne sunka san duk mai keke a unguwa, sun san ɗan lise da ke zuwa lakwal da shi kullum, sun san masu kai burodi shaguna da sassafe, waɗanda ƙwaurinsu ya fi na duk 'yan fadarku. Waɗannan ba kowa ke tuna su ba in ana shirya abu irin wannan, alhali su ne mahayan gaske. Ka roƙi mai faci guda ya biyo ku a adaidaita da famfo da kayan aikinshi, ka sa sunan rumfarshi cikin sanarwa, shi ma ya samu talla.

Sai kalmar "tsere", ku cire ta. Da mutum ya ji tsere sai ya hango kanshi shi ne na ƙarshe yana haki yara na mishi ihu. Ku ce tattaki bisa keke, ba na ɗaya ba na biyu, a tashi tare a iso tare. Madarunfa ma ku ajiye ta zuwa baɗi, ta yi nisa ga wanda ya shekara goma bai taka feda ba, ga kuma halin tsaro ta gefen iyaka da sai hukuma ta ce muku e ko a'a. Tsibiri wajen kilomita 12 ce, zuwa da komowa 24, hanya kwalta, wannan ko mai tumbi zai iya in ana hutawa. Ni da kaina shekarun baya na ɗauki tsohon Phoenix ɗina na ce zan je Jiratawa in komo kafin hantsi, na kauce ma wata tirela na sauka gefen hanya, ƙaya ta huda mini tayar baya, na tura shi da ƙafa rana na dukana har na samu mai faci ƙarƙashin wata bedi, yana tsoma tib cikin kwano yana neman inda kumfa ke fita yana mini dariya, sai bayan azahar na shigo gida. Tun ranar nake girmama duk wanda ya ce a tahi da famfo.

Rana kuma ga ta nan a shirye, 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon suga ta duniya, tun 1991 ake yinta, an zaɓe ta ne don ita ce ranar haihuwar Frederick Banting, likitan Kanada da shi da Charles Best sunka fitar da insulin, maganin allura na masu ciwon suga, a Toronto a 1921. Ku ɗauki Lahadin da ta fi kusa da ita. Lokacin an gama kaka, mutane na da ɗan abin hannu, sanyin safiya ya fara shigowa, ba kamar Afrilu da Mayu ba da zafi ke wuce 40. Alamar ranar zobe ne shuɗi, ko ƙyalle shuɗi kunka yanka kowa ya ɗaura a hannun keke ya isa, ba sai an buga riguna da kuɗin gwaji ba.

Masu dariya kuwa maganinsu mutum guda ne mai furfura. Ku samu alhaji ɗaya da ake jin nauyinshi a kasuwa, ko limami, ko likita, ya yarda ya taka kilomita ɗaya rak a gaba da babbar riga, daga nan ya shiga motarshi. Wallahi ranar da anka ji alhaji wane zai hau keke, waɗanda sunka ce na talaka ne su za su riga ku zuwa. In kuma suna son labari ka ba su na Tour du Faso, maƙwabtanmu Burkina tun 1987 suke tseren keke ƙasa ta ɗauka, ga Biniam Girmay ɗan Eritiriya da ya ci koriyar riga, kyautar wanda ya fi tara maki, a tseren Faransa a 2024.

Akwai wata dabara da nake so ku ara. A Amurka ƙungiyarsu ta masu ciwon suga na shirya irin wanga hawa mai suna Tour de Cure, mahayan da ke da ciwon jar riga suke sawa don a san saboda su anka fito. Mu nan mutane na ɓoye ciwo, ba kowa zai yarda a nuna shi ba, to ku juya abin, kowane mahayi a liƙa mishi takarda a baya ya rubuta wanda yake taka ma, "don Inna", "don Baba", "don kaina" ga mai ƙarfin hali. Kai ka rubuta na mahaifinka ka shiga gaba.

Zancen kuɗi. Kada ku ce ma mahayi ya biya kuɗin shiga, ya ba da ƙafarshi ya isa. Kowa ya nemi mutum biyar da za su ɗauki nauyin kilomitocinshi, misali dala ashirin kowane kilomita, 24 ya kama jika biyu da dala tamanin ga mutum guda, wanda ba zai gagari mai shago ba. In ku 45 ne kowa da biyar ɗinshi lissafi ya ba da jika 540, ko rabi ya shigo kun yi abin kirki. Amma kai da bakinka ka faɗi abin tsoron, a ce kun ci. To kada kuɗi su kwana a aljihun kowa cikin 'yan fada, har kai. Ku koyi da iyayenmu na Mata Masu Dubara, wanda a jihar nan tamu anka fara shi a 1991 kafin ya bazu duniya, akwati guda kwaɗo uku, makulli hannun mutum uku, ba a buɗewa sai gaban kowa. Duk wanda ya ba da ko ya turo ta Nita a rubuta a kaye, kowane dare a ɗauki hoton shafin a sa a gurup, ka ga nan ne gurup ɗin zai yi amfani. Sannan kuɗin su koma abin da ido ke gani, na'urar gwaji da tsinkayenta da allurar huda yatsa da auduga, a ɗora su bisa tebur ranar, rasit na farmasi a gefe.

Gwajin ba ku za ku yi ba, ku je likita tun wata guda kafin ranar ku nemi ma'aikatan lahiya su zo su yi, su ne kuma za su san inda za a tura wanda nashi ya hau. Kuma abin ya cancanci wahalar, ƙididdigar ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta 2021 ta ce manya miliyan 24 ke da ciwon a Afirka, fiye da rabi ba su ma sani ba, kamar yadda ya faru da Baba. Wanda anka auna bai karya ba aka ga 1,26 g/l ko sama, ba a yanke mishi hukunci a bakin hanya, a ba shi takarda ya je likita a sake aunawa. Kada ku manta takardar neman izini wurin hukumomin gari da sanar da 'yan sanda da jandarma, hanyar nan manyan motoci ke binta, kuma ku kai gaisuwa fadar Sarkin Gobir tun kafin ranar, ba a shiga garin mutane da keke 45 ba sallama.

TAMBAYA: Kawu ni dattijo ne daga Sabon Gari, shekarata 54, shekara shida ina shan maganin suga, yanzu har da allura. Yara na zancen wani hawan keke, raina na so amma uwargida ta ce in na faɗi a hanya ba ruwanta. In hau ko in zauna?

AMSA: Alhaji uwargida ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta ce ciwon ya hana hawa ba. Akwai ƙungiyar ƙwararrun 'yan tsere mai suna Team Novo Nordisk da duk mahayanta masu ciwon suga ne masu yin allura, kuma hukumar lahiya ta duniya na son babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a sati. Sai dai ka fara zuwa wurin likitanka ya duba tansiyo da zuciya da ido da ƙafa, shi zai ce ko a taɓa allurar ranar, kada ka rage da kanka. Haɗarin da ke gabanka faɗuwar suga ne, don insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide na iya kai shi ƙasa in ana aikin ƙarfi, wani lokaci ma sai cikin dare bayan an komo. Ka karya kumallo kafin ka hau, ka auna, ka sa ƙwayar sukari da dabino a aljihun gaba inda hannu ke kaiwa. In ka ji jiki na rawa, zufa mai sanyi, yunwa ta taso farat ɗaya ko ido na dishi-dishi, ka sauka nan take kada ka ce bari in kai wancan icen, in na'ura ta nuna ƙasa da 0,70 ka tsotse sukari uku ka jira minti 15 ka sake aunawa. Wanda ke gefenka ya san haka, ya kuma san in mutum ya suma ba a ɗura mishi komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a yi likita da shi. In kuma da safen ka ga ya haura 2,50 kana jin jiki ba daɗi, ranar ta kallo ce. Takalmi rufaffe da safa, ban da silifa, da ka komo ka duba tsakanin yatsu. Ka fara da zagayen unguwa minti goma bayan asuba tun yanzu, uwargida na kallo daga ƙofa.

TAMBAYA: Kawu mu mata fa? Ƙanena na cikin masu shiryawa amma ya ce aikin maza ne, alhali ni ke jinyar Innarmu shekara uku.

AMSA: Ɗiyata ki ce mishi ni na ce ya ba ki makulli ɗaya cikin ukun nan. 'Yan mata ɗalibai da iyayensu sunka yarda su hau a rukuninsu, sauran ku riƙe teburin gwaji na mata, don akwai da yawa da ba za su miƙa yatsa gaban taron maza ba, kuma ke kin fi shi sanin gidajen da za a ƙwanƙwasa. Ki fara da matan adashinku, ki tambaye su wa ke tashi fitsari sau huɗu biyar cikin dare, ga ƙishirwa ba ta ƙarewa, ki rubuta sunayen ki zo da su ranar ba su karya ba.