Bidiyon Suna Ya Ƙi Tafiya a WhatsApp: Amsoshin Tambayoyinku

Wata uwa daga Zariya ta ce: "An ɗauki bidiyon sunan jikata na minti 12 da iPhone. Ina son tura wa ɗana da ke karatu a Madina, amma ya ƙi tafiya. Ko bidiyon ne ya lalace?"

Hajiya, kwantar da hankalinki, lafiyarsa ƙalau, nauyi ne ya yi masa yawa. Idan an saita iPhone a 4K, wato hoto mai girma da tsabta sosai, mai hoto 60 a daƙiƙa, kowane minti yana cin kusan MB 400. Minti 12 ya kusa GB 5 ke nan, alhali WhatsApp ba ya karɓar abin da ya haura GB 2 ko da a matsayin dokumen aka tura.

Ki sa wani yaro mai kwamfuta ya sauke HandBrake, manhajar matse bidiyo, kyauta take. Kafin komai a yanke wuraren da ba su da amfani, kamar inda kyamara ke kallon tabarma ko ƙafafun mutane. Sai a buɗe bidiyon a cikinta, a zaɓi MP4 da tsarin matsewa na H.264, a mayar da girman hoton 720p, hoto 30 a daƙiƙa. A wurin inganci a rubuta 2000 kbps. Wannan zai ba da kusan MB 15 a minti, sauti ya ƙara kamar MB 1 a minti, duka bidiyon ya tsaya wajen MB 190. A fuskar waya zai fito garau. Ki tura shi a matsayin dokumen don kada WhatsApp ya ƙara matse shi. Akwai tsarin H.265 da ya fi H.264 rage nauyi, amma wasu tsofaffin wayoyi na sarƙewa da shi, ga shi bidiyon suna sai ya zaga dangi kaf. Kuma kada a goge na asali. Allah ya raya jika.

Wani matashi daga Maraɗi: "Na ga manhajar da ke mayar da GB 1 zuwa MB 10 ba tare da hoto ya ragu ba. In biya kuɗinta?"

Kada ka biya ko dala. Haba ƙanina, ina sauran MB 990 ɗin za su tafi? Duk matsewa irin wannan zubar da wani abu ce daga cikin hoton, gwaninta ita ce a zubar da abin da ido ba ya lura da shi. Saka shi a zip, wato ƙunshin matse fayil, ma ɓata lokaci ne, domin MP4 dama a matse yake.

Wata amarya daga Kano: "Bidiyon kamuna ya koma dishi-dishi, ban ma gane fuskar ƙawayena."

'Yar'uwa, wanda ke hannunki ya bi hannu da yawa. An ɗora shi a Facebook, wani ya sauke ya sa a Status, wata ta kwafo daga can. Kowace ɗorawa sabuwar matsewa ce, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Bidiyon dare mai rawa da fitilu masu walƙiya shi ya fi shan wahala. Koma wurin mai ɗaukar bikin ki karɓi na asali a filash tun bai goge ba.

Wani magidanci daga Gombe: "Na sayi memori mai GB 128 da arha, na kwashe bidiyon yara na shekara uku na zuba, na goge na waya. Yanzu sunayensu na nan amma ba sa buɗuwa."

Malam, wannan wasiƙar ta taɓa ni, kuma ba zan ɓoye maka ba: alamu sun nuna memorin jabu ne. Abin da masu wannan ha'inci ke yi shi ne su ɗauki kati mai GB 8 ko 16, su sauya bayanin da ke cikinsa ta yadda zai riƙa gaya wa waya cewa shi 128 ne. Kwalinsa da tambarinsa tsaf kamar na gaske. Kwanakin farko komai na tafiya daidai. Da ka wuce ainihin cikinsa, sabon abu ko dai ya bi iska, ko ya hau kan tsohon ya murƙushe shi, sunan fayil kuwa yana nan yana yaudararka. Cire katin yanzu, kada ka ƙara zuba komai, ka kai wa masani ya gwada ceto abin da ya rage. Ka kuma duba kwandon shara na wayar da Google Photos, sannan ka tambayi 'yan'uwan da ka taɓa tura wa.

Abin da ke damuna shi ne yadda mutum zai kashe dubban ɗaruruwa a kan waya, ya yi hidimar biki ta gani ta faɗa, sannan ya tsaya cinikin memori a bakin titi yana murna ya samu 128 a kuɗin 16. Arha ba ta ado. Duk wanda ya sayi kati ko filash, ya gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta tun babu komai a ciki. Tana cika shi taf, ta sake karantawa, ta faɗi ainihin abin da yake ɗauka. Takan ɗauki awanni, a yi haƙuri a bar ta ta gama. A yi sharaɗi da mai shago tun wurin biya cewa in ya faɗi gwaji za a dawo da shi, a kuma karɓi rasit. Mai ɗaukar 4K ya nemi katin da aka rubuta U3 ko V30 a jikinsa, alamar saurinsa ke nan, kodayake rubutun ma ana buga na ƙarya, shi ya sa gwajin ya zama dole.

Ko katin na gaske ne, yana mutuwa ba sallama. Bidiyon da ba za a iya sake ɗauka ba a ajiye shi wuri biyu, ɗaya a kwamfuta ko filash, ɗaya a Google Drive. GB 15 suke bayarwa kyauta, kuma Gmail da Google Photos duk a ciki suke ci, don haka a duba abin da ya rage kafin a fara ɗorawa.