Amsa: Me ya sa hasumiyar baya ta fi ta gaba tsayi?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake gina hasumiyar fitila biyu a bakin teku, gajera a gaba, doguwa can baya. Aikinsu saiti ne. Idan matuƙin jirgi ya hango fitilar baya zaune daidai bisa kan ta gaba, to yana tsakiyar hanya mai zurfi. Dole ta baya ta fi tsayi, in ba haka ba ta gaba za ta rufe ta. Dubi hasumiyar baya ta Liston a jihar Delaware ta Amurka: tsayinta ya haura mita 35, tana can cikin tudu, nesa da ruwa, amma ita ke shigo da jirage kogin Delaware.

Abin da ke rikita sabon hannu, ni ma ya taɓa rikita ni, shi ne gyara. In fitilun suka rabu, bi ta ƙasa, wato ta gaba: ta karkata hagu, kai ma ka yi hagu. Sai dai layin da fitilun ke nunawa yana da iyaka. Ka duba taswirar ruwa ka san inda za ka sake shi ka juya, don wanda ya zarce yana bin fitila, kan yashi zai hau.