Tsintsiya ɗaya ta wargaza mana fada

Tambaya: Malam, ni ke jan wasan Dungeons & Dragons, bugu na biyar, wasan da mai ja ke ba da labari, saura kowa na taka rawar jarumi ɗaya ana jefa ɗan lido, a fadarmu ta unguwar Zariya nan Maradi, duk Asabar bayan Isha'i. Jarumanmu huɗu suna mataki na 3. Na ba maharbi tsintsiya mai tashi don na ga ajinta, wato matsayinta a jerin wuyar samun kayan sihiri, ƙarami ne, na hana mayaƙi takobi mai ƙarin 2 don ajinsa ya fi girma. Yanzu maharbi yana shawagi a sama yana harbe komai, saura sun zama 'yan kallo, biyu ma sun ce sun daina zuwa. A ina na yi kuskure?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, fadarku ba za ta watse ba. Hana takobin ba laifi ba ne. Littafin jagoran wasa na 2014 ya ce gama-gari da aji na biyu tun mataki na 1 ake ba da su, mai wuyar samu sai mataki na 5, mai matuƙar wuya sai na 11, na almara sai na 17. Takobi mai ƙarin 2 na aji na uku ne, wato mai wuyar samu, saura matakai biyu ke nan.

Inda ka zame shi ne inda kusan kowa ke zamewa, har na gaji da maimaitawa: kun ɗauka ajin kaya shi ne ma'aunin ɓarnarsa. Wannan tunani irin na wasannin salula ne, inda launin kaya ke faɗa maka ƙarfinsa. Ga kuma masu yaɗa jadawali a WhatsApp, waɗanda ba su taɓa jan wasa ko na dare ɗaya ba, suna cewa duk abin da ke aji na biyu a raba shi kamar goro. Su kwafo daga wani wuri, su turo, kai kuma ka kwana da rigimar.

Mu yi lissafi. A ɗan lido mai fuska 20, kowane ƙarin 1 kashi 5 ne cikin ɗari. Takobin da ka ji tsoro zai ƙara wa mayaƙi kashi 10 na samun sara, da ɗan ƙarin rauni. Shi ke nan. Yana nan a ƙasa, ana dukansa yana duka. To dubi tsintsiya. Tana gudun ƙafa 50, alhali mai tafiya a ƙasa 30 yake yi. Ba ta ƙarewa, kuma a bugun 2014 ba ta cin gurbi cikin kayan sihiri uku kacal da jarumi ke iya shaƙuwa da su a lokaci ɗaya don su yi masa aiki. Boka kuwa sai ya kai mataki na 5 kafin ya samu sihirin tashi, na minti 10 kawai, kuma kibiya ɗaya na iya katse masa hankali ya faɗo. Kai ka ɗauki abin da ya fi wannan ka miƙa wa mai dogon baka da ke harbi daga ƙafa 150. Kyarkeci, wanda cizo kaɗai ya iya, me zai yi masa? Sai dai ya ɗaga kai yana kallo. Katanga, kogi, rami, duk tarkon da ka ɓata dare kana zanawa, ya tsallake su.

Saboda haka kafin ka ba da kaya, tambayi kanka: lamba yake ƙarawa, ko wata matsala yake shafewa gaba ɗaya? Mai ƙara lamba, bi jadawalin mataki. Mai shafe matsala, irin tashi ko ɓacewa daga ido, riƙe shi har sai bokan ƙungiyar ya iya yin irinsa da kansa.

Kada ka sa ɓarawo ya sace tsintsiyar cikin dare, za su gane da gangan ne, kuma maharbi bai yi laifi ba, kai ka ba shi. Ranar Asabar, kafin a zuba shayi na farko, ka faɗa musu ka yi kuskure. Ku amince tsintsiyar ta riƙa cin gurbin shaƙuwa, kuma duk wanda aka harba yana kanta sai ya jefa ɗan lido don kada ya faɗo. Ka sa 'yan baka cikin abokan gaba, ka kai labarin cikin kogo mai gajeren rufi na dare biyu. Mayaƙi kuma ka ba shi takobi mai ƙarin 1 a wannan makon, tunda ajinsu ɗaya da tsintsiyar, mai ƙarin 2 ya jira shi a mataki na 5.