Tambaya da Amsa: Yaya tsoka ke sake ginuwa bayan rauni?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Shekara biyu ke nan da tsokar cinyata ta yage a filin ƙwallo, kuma har yanzu ina jin wani dunƙule mai tauri a wurin. Na ji an ce masana suna lalata tsokar ɓera da dafin maciji, amma cikin makonni kaɗan ta dawo kamar ba a taɓa ta ba. In haka ne, me ya sa tawa ta bar tabo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma amsar tambayarka tana cikin yadda ake yi wa ɓeran raunin.

Tsoka tarin zaruruwa ce dogaye, kowane zare yana cikin wani siririn kube da ya lulluɓe shi. A 1961, wani masani mai suna Alexander Mauro, yana duba tsokar kwaɗo da madubin hangen ƙananan halittu mai aiki da lantarki a birnin New York na Amurka, ya ga wasu ƙananan ƙwayoyin halitta a maƙale tsakanin zaren da kubensa. Ni nakan kira su ƙwayoyin ko-ta-kwana, domin suna nan kwance ba su aikin komai har sai tsoka ta ji ciwo, sannan su farka, su hayayyafa, su haɗe da juna su gina sabon zare. A shekarar 2000 masu bincike a Kanada suka nuna cewa ƙwayoyin sun dogara da wani sinadarin gado da ake kira Pax7, sannan a 2011 ƙungiyoyin bincike daban-daban suka kawar da su daga jikin ɓeraye, sai tsokar da aka raunata ta kasa farfaɗowa.

A ɗakin gwaji, bayan an sumar da ɓeran, akan yi masa allurar wani sinadari da aka tace daga dafin macizai dangin kumurci, galibi a tsokar gaban ƙwauri. Cikin sa'o'i kaɗan zaruruwan sukan mutu, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a wurin. A kwanakin farko aikinsu kwashe matattun sassa ne, daga baya kuma sai su sauya hali su riƙa taimaka wa ginin. Wajen kwana 5 zuwa 7, wanda ya yanki tsokar ya duba zai ga sababbin zaruruwa sirara, kowanne da cibiyarsa (wato sashen da ke ɗauke da bayanan gado) a tsakiya maimakon a gefe, wadda ita ce shaidar sabon gini. Zuwa mako 3 ko 4 tsokar ta kusa komawa yadda take.

To, a nan ne bambancin yake, kuma ina so ka lura da shi sosai. Dafin yana kashe zaren ne ya bar kuben a tsaye, don haka ƙwayoyin ko-ta-kwana suna gini ne a kan tsohon harsashi, kamar magini da ya tarar da ginshiƙan ɗaki ba su rushe ba. Yagewar da ta same ka kuwa ta tsinka zare da kube da hanyoyin jini gaba ɗaya, sai jiki ya yi gaggawar cike giɓin da nama mai tauri wanda ba ya miƙewa kamar tsoka. Shi kansa ɓeran, idan aka yanke wani babban yanki na tsokarsa aka cire, tabo yake yi, ba ta dawowa.

Shekaru ma suna da tasiri. A 2005, a Jami'ar Stanford, an haɗa hanyoyin jinin tsohon ɓera da na matashi, sai tsokar tsohon ta warke fiye da yadda ta saba. Wannan sakamako na ɗakin gwaji ne, bai zama magani ga ɗan Adam ba.

Game da dunƙulen cinyarka, ina roƙonka ka je likitan ƙashi ya duba shi da hoto, domin wani lokaci jinin da ya taru a tsokar cinya yakan rikiɗe ya zama ƙashi, kuma kulawarsa daban ce da ta tabo. Idan tabo ne, likitan gashin ƙashi zai tsara maka atisayen miƙewa da ƙarfafa tsokar a hankali.